An Yi Sulhu, To Wa Ya Yi Kisan?

Muna da wata mummunar ɗabi'a a ƙasar nan, kuma mu mutanen Zariya ba mu da bakin nuna wa kowa yatsa a kanta. In aka zubar da jinin mutanen da ba su da rinjaye a cikinmu, ko don ƙabilarsu ko don aƙidarsu, sai manya su zuba manyan riguna su hau jirgi su tafi taron sulhu. A can za a yi maganar rabon mulki da albashi da makamai da wanda zai sara wa wani. Tambaya ɗaya ce ba a bari ta fito daga bakin kowa: wa ya yi kisan, kuma yaushe zai tsaya gaban alƙali? Wanda ya kuskura ya yi ta, sai a ce masa ana cikin yaƙi, lokacinta bai yi ba. In yaƙi ya ƙare kuma a ce abin da ya wuce ya wuce, a daina tone-tone.

Duk mai bin titin da ya tashi daga PZ a Sabon Gari, ya ratsa Kwangila, ya wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru har ya kai asibitin koyarwa na Shika, yana bi ne ta wuraren da wannan abu ya faru sau biyu, a 1966 da 2015. A karo na farko Ibo aka kashe, Kiristoci 'yan Kudu. A karo na biyu Hausawa ne, Musulmi mabiya Shi'a. Shekara 49 ke tsakani, amma a duka biyun babu kotun da ta zauna ta bi kadin jinin.

Mu ɗauko zancen daga tushe, kada a ce mun tsinke shi a tsakiya. A daren 15 ga Janairu 1966 wasu matasan hafsoshi, akasarin jagororinsu Ibo, suka kashe Sardauna Sir Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu a Kaduna, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, suka kashe manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, ya kulle su Manjo Nzeogwu, amma har wata shida ta cika bai gurfanar da ko ɗaya ba. Arewa ta ji zafi, kuma da gaskiyarta. Ga kuma rashin ta-ido na wasu da ke baje hotunan izgili ga marigayi Sardauna a kasuwanninmu. Wannan jan ƙafa na Ironsi shi ne darasin farko da aka koya wa ƙasar nan cewa za a iya kashe rai a kwana lafiya.

Ranar 24 ga Mayu ya fito da dokar soja mai lamba 34, wadda ta soke tsarin jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ɗaliban Samaru da Kongo, waɗanda ke karatu da sa ran gadar kujerun Turawa a ofisoshin Jihar Arewa, suka ga za a haɗa su takara da 'yan Kudu da suka riga su shiga boko da shekaru masu yawa. Suka fito zanga-zanga, jama'a na kiran a raba ƙasa. Zanga-zanga haƙƙinsu ce. Amma zuwa 29 ga wata abin ya fice daga hannun masu kwalaye ya koma hannun masu adduna da gariyo, a Zariya da Kano da Kaduna da Katsina da Gusau da sauran garuruwa.

Ba a sha wahalar nemo waɗanda ake nema ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 Turawa suka yanka gari uku: birni na cikin ganuwa, Tudun Wada na baƙin Arewa, Sabon Gari na ma'aikatan reluwe da akawun kamfanoni 'yan Kudu. Layi-layi suke zaune, kowa ya san ƙofar kowa. To su wa aka bi gida-gida? Tela da ke ɗinka wa yaranmu kayan makaranta, da makaniki, da mai shagon kayan keke, da akawun tasha, da matansu da 'ya'yansu. Ba ɗayansu da ya ɗauki bindiga ya nufi gidan Sardauna. Laifinsu kawai yare ɗaya suke yi da waɗanda suka ɗauka.

Ironsi ya naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Lionel Brett. Manyan Arewa ba su yi maraba da shi ba, hujjarsu kuwa ita ce ba a hukunta makasan Janairu ba. Ku duba yadda zalunci ɗaya ya zama garkuwar wani. Kafin kwamitin ya yi wani abin kirki juyin mulkin 29 ga Yuli ya zo, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Badun, aka kashe sojojin Gabas a barikoki, Laftanar Kanar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Barewa, ya hau mulki. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar kwamitin Brett ba.

Wanda ya yi kisa a Mayu ya ga ba abin da ya same shi, me zai hana shi komawa? A ƙarshen Satumba rediyon Kwatano ya ba da labarin ana kashe 'yan Arewa a Gabas, gidan rediyon Kaduna ya maimaita, wuta ta sake tashi fiye da ta farko. Ranar 1 ga Oktoba sojojin da suka yi bore a Kano suka buɗe wa masu gudu wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. Masu bincike suna sa adadin waɗanda aka kashe a wannan shekara tsakanin 8,000 da 30,000, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya suka tsere Gabas, da yawa a cunkushe cikin taragon jirgin ƙasa, suna barin gidaje da shaguna da kaburburan iyayensu. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma, fatake da mahauta da masu ƙananan sana'o'i, kuma su ma ba wanda ya bi musu haƙƙi. Akwai Hausawa da sarakuna da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, suka sa ransu a haɗari. Allah Ya saka musu. Amma alherin wanda ya ɓoye ba ya wanke hannun wanda ya sara.

Sai aka shiga zaman sulhu. Ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967 Janar Ankrah na Ghana ya tara shugabannin sojan Nijeriya a Aburi. Gowon na nan, Ojukwu gwamnan Gabas na nan, Hassan Usman Katsina gwamnan Arewa na nan. An yi musu a kan wa zai riƙe soja, da yadda za a raba iko tsakanin Legas da jihohi. An yarda a ci gaba da biyan ma'aikatan da suka gudu albashinsu har ƙarshen Maris. An yarda a sanar da jama'a mutuwar Ironsi, wadda aka ɓoye wata biyar. Ojukwu ya yi maganar kisan mutanensa, amma abin da ya nema da ita shi ne ƙarin iko ga jiharsa. Game da sojojin da ke tsare kan tarzomar da aka yi tun daga 15 ga Janairu, aka rubuta cewa za a yanke makomarsu kafin ƙarshen wannan wata. Wata ya ƙare, ba a yanke komai ba. Batun farar hular da suka yi kisa a unguwanni kuwa, ba a kafa musu kotu ba.

Kuma kada wani ɗan Arewa ya ɗauka mu muka ci ribar wannan shiru. Ojukwu ya saki su Nzeogwu da ke tsare a gidajen yarin Gabas. Nzeogwu ya mutu a fagen daga a Yuli 1967, sojojin tarayya suka kawo gawarsa Kaduna suka binne da girmamawar soja. Manjo Ifeajuna, ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin Janairu, an harbe shi a Inugu a Satumba 1967, amma bisa zargin cin amanar Ojukwu aka harbe shi, ba wanda ya tambaye shi jinin Tafawa Ɓalewa. Har yau babu hukuncin kotu ko shafi ɗaya a kan kisan Sardauna. Mun yarda kada a tambaye mu Sabon Gari, aka yarda kada a tambaye su Sardauna. Wannan shi ne cinikin da aka ƙulla, kuma kowa ya faɗi a cikinsa.

Da aka ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi ya ɓarke a Yuli, sai tarurruka suka yi ta bin juna. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zauna a Kinshasa a Satumba 1967 ta naɗa shugabanni shida, Sarki Haile Selassie na Habasha na jagora, har da Hamani Diori na Nijar da Ahmadu Ahijo na Kamaru. Aka zauna a Kampala a Mayu 1968, Enahoro na wakiltar tarayya, Mbanefo na wakiltar Biyafara. Aka zauna a Yamai a Yuli, a Addis Ababa a Agusta, a Monrobiya a Afrilu 1969. Abin da ake ja a kai shi ne tsagaita wuta, da hanyar shigar da abinci, da ko Nijeriya za ta zauna ɗaya. Duk muhimmai ne, yara na mutuwa da yunwa. Amma shugabannin Afirka sun riƙe ƙa'idar kada a tsoma baki cikin harkar gidan wani, don kowannensu yana da nasa tsirarun da ba ya so a tambaye shi a kansu.

Manyan ƙasashe kuwa kowa cikinsa ya duba. Ingila tana da rijiyoyin man Shell-BP, tana sayar wa Legas makamai. Tarayyar Sobiyet ta ba da jiragen yaƙi don ta samu wurin zama a Afirka ta Yamma. Faransa tana tura wa Biyafara makamai ta Gabon da Kwaddibuwa. Biyafara ta ɗauki hayar kamfanin Markpress a Janeba yana yaɗa hotunan yara masu kumburarren ciki, yana cewa kisan ƙare dangi ake yi. Da surutu ya yi wa gwamnatin Harold Wilson yawa a majalisar Landan, sai Legas ta gayyato 'yan sa ido a Satumba 1968, hafsoshi daga Ingila da Kanada da Suwidin da Poland, da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Suka zaga suka ce ba su ga alamar niyyar ƙare dangi ba. Ko da maganarsu gaskiya ce a kan abin da suka gani, ba a aike su su binciki 1966 ba. Kuma sun zo ne wata goma sha ɗaya bayan abin da ya faru a Asaba a Oktoba 1967, inda sojojin runduna ta biyu, wadda Kanar Murtala Muhammad ke jagoranta a lokacin, suka harbe ɗaruruwan maza da samari da suka fito taron nuna goyon baya ga Nijeriya ɗaya. Da kotu ta zauna, da an san wanda ya ba da umarni, da an wanke wanda ba shi da hannu. Rashin shari'a ya cuci matattu, ya kuma bar sunayen mutane a bakin masu jita-jita har abada.

Ba wai ba a iya hukunci a lokacin yaƙi ba ne. A 1968 wani laftanar na tarayya ya harbe fursuna a gaban kyamarar 'yan talabijin na Ingila. Cikin 'yan kwanaki aka ɗaure shi aka harbe, aka kira 'yan jarida su gani. Abin da ya bambanta shi da makasan Asaba da na Sabon Gari shi ne Bature ya ɗauki hotonsa. Ashe kunyar baƙo muke ji, tsoron Allah bai dame mu ba.

Masu kare wannan hali sukan ce ai haka duniya take, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A Mayu 1915 Ingila da Faransa da Rasha suka yi alkawarin hukunta jami'an daular Turkawa kan kisan Armeniyawa. Bayan yaƙi Ingila ta tsare sama da ɗari daga cikinsu a tsibirin Malta, sannan a 1921 ta yi musayarsu da fursunoninta, yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta zo da afuwa ta rufe zancen. A yaƙin duniya na biyu an kafa hukumar tattara laifukan yaƙi a Landan a 1943. Wakilin Amurka, Herbert Pell, ya nace sai an hukunta Jamus har kan abin da ta yi wa Yahudawa 'yan ƙasarta. Ma'aikatun harkokin wajen Amurka da Ingila suka noƙe, suna cewa abin da gwamnati ta yi wa mutanenta harkar cikin gida ce, kuma a Janairu 1945 aka sauke Pell da sunan babu kuɗin biyansa. Babban lauyan Amurka, Robert Jackson, ya faɗa a taron Landan na 1945 cewa su ma a ƙasarsu akwai tsirarun da ba a yi wa adalci, shi ya sa aka ɗaure laifin cin zarafin bil'adama da yaƙi, kada wata rana a juyo kansu. Duk wannan gaskiya ne. Amma jaridu da ƙungiyoyi sun yi ta ihu har gwamnatocin suka ji kunya, kuma a Oktoba 1946 kotun Nuremberg ta yanke wa mutum 12 hukuncin kisa, ta ɗaure wasu, ta sallami uku. Munafuncinsu muka kwafa, muka bar ihun da ya karya shi.

A Janairu 1970 yaƙi ya ƙare bayan ya ci rayukan da ake ƙiyastawa daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, akasari da yunwa. Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci da yaƙi. Ya hana ramuwar gayya, kuma tarihi zai yaba masa a kan haka. Ibo suka dawo Sabon Gari suka sake buɗe shaguna, da yawa suka tarar an riƙe musu gidajensu da amana. Amma yafe wa sojan da ya yi yaƙi a fagen daga daban, yafe wa wanda ya shiga gidan maƙwabcinsa ya yanka shi daban. Wa ya ba gwamnati ikon yafe jinin da ba nata ba?

A nan nake son malamanmu su saurara, don su suka fi kowa sanin amsar. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jinin wanda aka kashe haƙƙin magadansa ne: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Sarki ba ya yafewa a madadinsu. Ko sun yafe, wanda ya yi kisan da gangan yana shan bulala ɗari da ɗaurin shekara. Kisan gilla kuwa ko magada ba su da ikon yafe shi. Waɗannan hukunce-hukunce suna cikin Risala, littafin da ake biyawa kullum a zaurukan birnin Zariya. Kuma baƙon da ya zauna cikinku da amana, jininsa da dukiyarsa haramun ne, ko wane addini yake bi. To don me idan abu ya faru sai mu ji huɗubar haƙuri da ƙaddara kawai, ba mu jin babin jini? "A bar wa Allah" magana ce ta wanda aka zalunta ya rasa mai ƙwato masa haƙƙi. Idan mai mulki ko mai mumbari ya faɗe ta don ya kauce wa aikinsa, ya ci amanar da Allah Ya ɗora masa.

Gyambon da aka naɗe da tsumma ba a wanke ba, ruɓa yake yi. A Maris 1987 rikicin da ya fara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da dama. A 1992 Zangon Kataf, a 2000 Kaduna. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya sama da mutum 800 da aka kashe cikin kwana uku bayan zaɓen Afrilu 2011, ɗaruruwa daga cikinsu Musulmi ne tsiraru a kudancin Kaduna. A Yuni 2012 aka tayar da bam a majami'u a Sabon Gari da Wusasa, aka tare matafiya a hanyar Abuja aka rama a kansu. Kusan kowane karo an naɗa kwamiti, an miƙa rahoto, an ɗauki hoto. Kwamitin Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 ya saurari koke har na 1966, amma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahotonsa a hukumance ba. Inda aka yi shari'a ma, galibi ƙananan da aka tsinta a titi ne ke shan ɗauri.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar 12 ga Disamba 2015 mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky, jagoran ƙungiyar 'yan Shi'a, suka tare ayarin Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Tukur Buratai, a gaban cibiyarsu Husainiyya kan titin Sakkwato. Tare hanya laifi ne, kuma mutanen Gyallesu da na gari sun daɗe suna kuka da takurar 'yan ƙungiyar. Ni ba mabiyinsu ba ne. Amma hukuncin tare hanya kamu ne da gurfanarwa. Abin da ya biyo baya kwana biyu ne na luguden wuta a Husainiyya da Gyallesu. Ba 'yan adawa ba ne suka ba da lissafi. Jami'an gwamnatin Jihar Kaduna ne suka shaida wa kwamitin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando: 191 daga barikin Depo, 156 daga asibitin Shika. Hanyar da ta fito daga Shika ta gaban jami'a take bi. Da mata da yara a cikin gawawwakin, ba a kira dangi su gane nasu ba, ba a rubuta suna a kan kabari ba. Soja ɗaya ya mutu, kuma ransa shi ma rai ne.

Kwamitin ya zargi ƙungiyar da ƙin bin doka, ya kuma ce soja sun wuce gona da iri, ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu. To wa aka gurfanar? An kai 'yan ƙungiyar masu yawa kotu kan mutuwar sojan, kotuna suka yi ta sallamarsu. Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin sakin Zakzaky a Disamba 2016, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, sai a Yuli 2021 wata kotu a Kaduna ta wanke shi da matarsa. Kan mutum 347 kuwa ba a ji sojan da ya tsaya gaban alƙali ba. Dalilin da ake raɗawa irin na lokacin yaƙin Biyafara ne: ana yaƙi da Boko Haram, kada a karya gwiwar soja.

'Yan waje ma ba su sauya hali ba. Shugaban Iran na lokacin ya bugo wa Shugaba Buhari waya, don mamatan mabiya aƙidarsa ne. A wancan makon Saudiyya ta sanar da ƙawancen soja na ƙasashe 34, da sunan Nijeriya a ciki. Amurka ta ɗan ja ƙafa kan sayar mana da jiragen Super Tucano 12 bayan bam ya faɗa kan 'yan gudun hijira a Rann a Janairu 2017, sannan a waccan shekarar ta amince da cinikin na kusan dala miliyan 600. Jiragen farko sun sauka a watan da aka wanke Zakzaky. Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin masu tauye 'yancin addini a 2020, ta cire ta a 2021 gab da ziyarar sakataren harkokin wajenta Abuja, ta mayar da ita a ƙarshen Oktoba 2025 da sunan kare Kiristoci. Kowace ƙasa tana zaɓar gawar da za ta yi wa kuka gwargwadon bukatarta. Gwamnatinmu kuma amsarta kullum ita ce ai Musulmi ma ana kashe su. Wannan amsa ce ko tonon asirin kai? Ƙasar da ke da gaskiya takardun hukuncin kotu take ajiyewa a kan tebur.

Mu kuma talakawa mu daina wanke kanmu. Wanda ya ce "su suka fara" a 1966, da wanda ya ce "ai 'yan Shi'a ne, maganinsu ke nan" a 2015, da wanda ya ce "ai Hausawa ne" a Zonkwa a 2011, bakinsu ɗaya. Kowannensu ya yarda a kashe mutum ba shari'a muddin ba nasa ba ne. Masu cewa tonon zai tayar da fitina su gaya mana wane zaman lafiya shirun ya kawo. Masu cewa an makara su dubi Chadi. Hissène Habré ya faɗi a 1990, waɗanda ya azabtar suka yi ta binsa shekara 26, har wata kotun Afirka a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Mayu 2016, ana tsakiyar zaman kwamitin Zariya.

Saboda haka, ya ku malaman tarihi na Samaru, magadan Abdullahi Smith da Bala Usman, waɗanda suka ga 1966 da idonsu sun tsufa, a Sabon Gari da birni da Anaca. Ku je ku ɗauki bayaninsu kafin ƙasa ta rufe su, na wanda aka kora da na wanda ya ɓoye da na wanda ya yi nadama. Ya ku malaman shari'a na Kongo da lauyoyin Zariya, rahoton Mai Shari'a Garba na nan, ku tsaya wa magada ko da ba ku son aƙidarsu. Masu martaba da limamai da fastoci, idan an kira ku taron sulhu ku tambayi ina aka kwana kan shari'a kafin ku sa hannu. Gwamnati ta fitar da rahoton Oputa, ta bayyana sunayen waɗanda ke ramin Mando, ta biya diyya. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar kotun duniya ta Hague a 2001, ta shiga ta hana kisan ƙare dangi a 2009, ba wanda ya tilasta mata.

Sulhu alheri ne, amma bayan an san mai laifi ake yin sa, kuma mai haƙƙi ne ke yafewa. Duk wanda ya kashe rai ba bisa shari'a ba, da kaki ya yi ko da adda, kotu ce wurinsa. A fara da mutum 347 na Disamba 2015, tun da shaidu suna raye kuma gwamnati da bakinta ta faɗi adadin.